Annoba da filin wasa: me ke sa a ɗage gasa, kuma ina haɗarin yake?

Tambaya: Likita, a lokacin korona an rufe filayen wasa, an ɗage Olamfik, har aikin Hajji aka taƙaita. Amma a 2016 da ake ta maganar cutar Zika an yi Olamfik a Brazil, aka tashi lafiya. Shin da gaske taron jama'a ne ke yaɗa annoba, ko tsoro ne kawai da siyasa? Kuma me hukumomi ke dubawa kafin su hana taro?

Amsa: Malam, duka biyun suna faruwa. Akwai taron da ya yaɗa cuta ya yi mummunar ɓarna, akwai kuma wanda aka guje wa don fargaba alhali da an yi shi babu abin da zai biyo baya. Yawan mutane shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Sai ka san ta wace hanya ƙwayar cutar take tashi daga wani zuwa wani, kuma shin mai ɗauke da ita yana iya yaɗa ta tun yana jin kansa garau, ko sai ta kwantar da shi.

Zikar da ka ambata sauro ne ke ɗaukar ta, wani lokaci kuma ta hanyar saduwar aure. Zama kusa da mai ita a filin wasa ba ya sa ka kamu. Babban haɗarinta ga masu juna biyu yake, domin tana iya sa a haifi jariri da ƙaramin kai. A watan Mayun 2016 masana fiye da 100 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya takarda suna neman a ɗage wasannin ko a sauya musu gari, wasu 'yan wasan golf irin su Rory McIlroy kuma suka janye. Hukumar ta ƙi. Hujjarta ita ce watan Agusta lokacin sanyi ne a Rio, sauro ya yi ƙasa, kuma baƙin Olamfik ɗan kaso ne ƙanƙani na mutanen da ke shiga da fita ƙasashen da cutar take kullum. Bayan an gama ta ce ba a tabbatar da kamuwar kowa ba cikin waɗanda suka halarta. A nan hukumar ce ta yi daidai.

Ebola ta fi Zika kisa nesa ba kusa ba, ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016. Amma ita ma ba cutar filin ƙwallo ba ce. Sai an taɓa jini ko amai ko gudawa ko gawar mai ita, kuma mutum ba ya yaɗa ta kafin alamu su bayyana. Wanda ya kai matakin yaɗa Ebola galibi ba shi da ƙarfin hawa benen 'yan kallo. Tarukan da ta fi cin mutane a cikinsu su ne wajen jinya da wajen wankan gawa da jana'iza. Duk da haka Maroko, wadda aka bai wa gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2015, ta nemi a ɗage. Hukumar CAF ta ƙi, ta ƙwace gasar ta kai Ikwatoriyal Gini saura kusan wata biyu a fara, ta kuma haramta wa Maroko gasa biyu masu zuwa, hukuncin da kotun wasanni ta duniya ta soke daga baya. Abin mamakin shi ne a daidai wannan lokaci tawagar Gini, ƙasar da cutar ta faro, tana buga wasanninta na gida na neman gurbi a Kasablanka, cikin Marokon. Gini ta je gasar, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, aka tashi ba tare da annoba ta ɓarke ba. Ita kuwa Seychelles gwamma ta bar wasa a ba Saliyo nasara da ta bar 'yan wasan Saliyo su sauka ƙasarta. Ban ga laifin mai jin tsoron Ebola ba, amma a ma'aunin ilimin yaɗuwar cututtuka hujjar ɗage gasar ba ta da ƙarfi.

Korona ta sha bamban da waɗannan biyun ta fuska guda mai muni. Tana bin numfashi, kuma mutum yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko da ciwon kai, wasu ma har su warke ba su san sun yi ta ba. Ke nan na'urar auna zafin jiki da ake ɗora wa mutane a goshi a bakin ƙofa ba ta kama mafi yawan masu ɗauke da ita. Mai yaɗawar yana tsaye yana waƙa, lafiyarsa ƙalau.

Dubi abin da ya faru ranar 19 ga Fabrairun 2020. Ƙungiyar Atalanta ta garin Bergamo a arewacin Italiya ta kai zagayen 'yan 16 a gasar Zakarun Turai karo na farko a tarihinta. A lokacin a filin San Siro na birnin Milan take karɓar baƙi a gasar, don haka mutum kusan 40,000 suka kwaso daga Bergamo da kewaye, a motocin safa da jiragen ƙasa da ƙananan motoci cike maƙil, suka tafi kallon wasa da Valencia. Aka ci 4 da 1. Sau huɗu ke nan mutane suna rungumar wanda ba su sani ba suna ihu a fuskarsa. Waɗanda ba su samu zuwa ba suka cika gidaje da mashaya suna kallo a talabijin, iyali guda daga jika har kaka. A wannan daren babu wanda aka tabbatar ya kamu da cutar a cikin yankin. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan haka aka gano mutum na farko a garin Codogno na wannan yankin, alhali cutar ta riga ta daɗe tana yawo a ɓoye. Wata guda bayan wasan, motocin soja ne ke fitar da akwatunan gawa daga Bergamo saboda wuraren da ke garin sun kasa ɗauka. Valencia kuma ta sanar cewa kusan kashi 35 cikin ɗari na 'yan wasanta da ma'aikatanta sun kamu. Ba wasan ne ya kawo cutar Bergamo ba, kuma akwai wasu dalilan, irin su yawan tsofaffi da yadda ta yaɗu a cikin asibitoci. Amma magajin garin da likitocin wurin sun sa wannan dare cikin abubuwan da suka rura wutar.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskuren fahimta, har da wasu masu yanke hukunci. Kujerar da kake zaune a kai cikin fili buɗaɗɗe, iska na kaɗawa, ita ce wuri mafi sauƙin haɗari a duk tafiyar. Haɗarin yana cikin motar da aka rufe tagoginta awa uku, da layin shiga, da banɗaki lokacin hutun rabin lokaci, da ɗakin otal da mutum shida suka raba, da wurin shagalin bayan an tashi. A gasar Turai da aka buga a 2021, hukumar lafiyar Sikotilan ta bi sawun mutum 1,991 da suka kamu waɗanda suka halarci wani abu mai alaƙa da gasar. Kusan 1,300 daga cikinsu sun je Landan lokacin wasan Ingila da Sikotilan na 18 ga Yuni, amma ƙasa da 400 ne suka shiga filin Wembley. Sauran duk a titi da jirgin ƙasa da mashaya suka yi ranar. Masu shirya gasa suna iya tsara abin da ke faruwa daga ƙofar fili zuwa ciki, sai dai galibin ɓarnar a waje take.

Shi ya sa rufe ƙofa kawai ba ya gama magana. Ranar 11 ga Maris 2020 an buga wasan PSG da Dortmund a Faris ba 'yan kallo, sai dubban magoya baya suka taru a wajen filin, kafaɗa da kafaɗa, suna waƙa da wasan wuta. An dai matsar da cunkoson ne daga inda ake iya kula da shi zuwa inda ba mai kula.

Kuma ƙaramin taro a rufaffen ɗaki yana iya fin babban fili ɓarna. A watan Maris 2020 mutum 61 suka taru gwajin waƙa cikin wani coci a wani gari na jihar Washington a Amurka, na kimanin awa biyu da rabi. Fiye da 50 suka kamu, biyu suka rasu. Waƙa da ihu suna fitar da ɗigon numfashi fiye da magana a hankali, ɗaki mara iska kuma yana tara su. Idan aka haɗa da kwana wuri guda sai abin ya ninka. Taron wa'azi na kwana huɗu da aka yi a masallacin Sri Petaling kusa da Kuala Lumpur a ƙarshen Fabrairun 2020 ya tara mutum kusan 16,000, ana ci tare ana kwana tare, kuma daga nan aka samu dubban masu cutar a Malesiya, wasu suka koma da ita Burunai da Kambodiya da sauran maƙwabta. Wannan shi ne aiki na biyu da babban taro ke yi wa annoba, kuma shi ya fi damun mu ma'aikatan lafiya: yana tattaro mutane daga wurare ɗari, ya cakuɗa su, ya mayar da su gida kafin alamu su fito. Garin da ba shi da cutar jiya sai ya wayi gari da ita bayan mako guda, ba wanda ya san ta ina ta shigo.

Sai maganar lokaci. Hana taro yana da amfani sosai a farkon annoba, lokacin da kowa ke ganin bai kai a hana ba. A watan Satumban 1918, ana tsakiyar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, birnin Philadelphia na Amurka ya bar a yi faretin tara kuɗin yaƙi da ya tara mutum kusan 200,000. Cikin kwana uku gadajen asibitocin birnin suka cika. St. Louis, wani birnin Amurkan, ta rufe makarantu da gidajen kallo da wuraren taro da wuri, kuma yawan mace-macenta a ganiyar annobar bai kusanci na Philadelphia ba. Bayan shekara 102 aka maimaita kusan irin wannan gardama a Ingila: ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, 11 ga Maris 2020, mutum fiye da 50,000 suka cika Anfield kallon Liverpool da Atletico, ciki har da kusan 3,000 da suka taso daga Madrid, birnin da aka riga aka rufe makarantunsa. A makon nan kuma aka yi tseren dawakin Cheltenham na kwana huɗu. Wahalar mai yanke hukunci ita ce alƙaluman da ke gabansa hoton kwana goma ne da suka wuce, domin wanda ya kamu yau sai an yi kwanaki kafin ya je asibiti. Idan ya hana taron kuma aka zauna lafiya, za a ce ya yi asarar dukiya a banza. Ba wanda ke ƙirga waɗanda ba su mutu ba.

A zahiri ba lafiyar 'yan kallo ce ta tsayar da wasanni a 2020 ba, kamuwar 'yan wasa ce. Gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka ta tsaya a daren da gwajin ɗan wasa Rudy Gobert ya nuna yana da cutar. Firimiya ta tsaya ranar 13 ga Maris, washegarin da aka ce kocin Arsenal Mikel Arteta ya kamu. 'Yan wasa matasa ne masu ƙarfi, amma rayuwarsu ta cuɗanya ce: ɗakin sauya kaya ɗaya, mota ɗaya, teburin abinci ɗaya. Tun a 1919 aka bar wasan ƙarshe na kofin Stanley na ƙwallon ƙanƙara ba zakara, saboda mura ta kwantar da 'yan wasan Montreal, ɗayansu Joe Hall ya rasu. A gasar tsere ta duniya a Landan a 2017, ƙwayar noro mai sa amai da gudawa ta ɓulla a wani otal ɗin 'yan wasa, aka hana Isaac Makwala na Botswana shiga wasan ƙarshe na mita 400, daga baya aka bar shi ya yi gudun mita 200 shi kaɗai a fili don neman gurbi. A Kamaru kuwa, a gasar Afirka da korona ta tura zuwa Janairun 2022, dokar ita ce matuƙar kana da mutum 11 sai ka buga, ko da babu mai tsaron raga. Haka Komoros ta fuskanci mai masaukin baƙi a zagayen 'yan 16 da ɗan wasan baya, Chaker Alhadhur, a cikin raga, aka ci su 2 da 1 da ƙyar. Annoba tana taɓa adalcin gasar kanta.

Hanyoyin da masu shirya gasa ke bi ba su da yawa. A 2003 cutar numfashi ta SARS ta sa aka ɗauke gasar cin kofin duniya ta mata daga China zuwa Amurka, aka ba China ta 2007. A 2009 Meziko ta buga wasannin lig ɗinta ba 'yan kallo saboda murar aladu. A 2020 Faransa ta yanke kakarta ta ba PSG kofi, Holan ta soke tata ba zakara, Jamus ta dawo a tsakiyar Mayu da filaye wayam, aka ƙarasa gasar Zakarun Turai a Lisbon da wasa ɗaya-ɗaya. Olamfik ɗin Tokyo, wanda kafin nan yaƙin duniya ne kawai ya taɓa hana irinsa a 1916 da 1940 da 1944, an ɗage shi shekara guda, aka yi shi a 2021 kusan ba ɗan kallo. Daga wannan lokaci ƙwallon ƙafa ta gaji sauya 'yan wasa biyar maimakon uku, kuma bincike da dama ya nuna fifikon mai masaukin baƙi ya ragu a filayen da ba kowa, har alƙalan wasa suka rage ba wa baƙi kati.

Game da siyasa da ka tambaya, ni kuɗi zan fara ambata kafin ita. Manyan gasa sun dawo da wuri ne saboda kuɗin talabijin, wanda ba a biya sai an buga. Hukumar UEFA ta ƙiyasta cewa ƙungiyoyin Turai sun rasa kuɗin shiga kusan Yuro biliyan 7 a kaka biyu. Wimbledon ta soke gasarta ta tanis ta 2020 hankali kwance domin ta shafe shekaru tana biyan inshorar annoba, aka biya ta fiye da fam miliyan 100. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ƙananan ƙungiyoyi da ke rayuwa da kuɗin tikiti, da masu gadi, da masu sayar da abinci a bakin fili, da direbobi, su ba su da talabijin ba su da inshora.

Killace 'yan wasa wuri guda ma na masu hali ne. NBA ta kai ƙungiyoyi 22 harabar Disney kusa da Orlando, gwaji kullum, ba shiga ba fita, aka gama kakar ba tare da cutar ta ɓarke a ciki ba, amma an kashe fiye da dala miliyan 150. Gasar kurket ta Indiya ta gwada irin wannan a 2021 tana yawo daga birni zuwa birni a ganiyar nau'in korona na Delta, cutar ta kutsa, aka dakatar a farkon Mayu, aka ƙarasa a Daular Larabawa. Kuma akwai tambayar da ba ta da daɗi: shin ya dace a riƙa yi wa lafiyayyun 'yan wasa gwaji kullum a garin da marasa lafiya ke layin neman iskar oksijin? A ganina bai dace ba.

Hajji misali ne na taron da aka daɗe ana koyon kula da lafiyarsa. A 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ƙarshen Fabrairun 2020, kafin ta tabbatar da mai cutar ko ɗaya a ƙasarta. Hajjin shekarar na 'yan tsiraru ne mazauna ƙasar, na 2021 kusan mutum 60,000 masu rigakafi, na 2022 aka ƙayyade miliyan ɗaya. Matakin ya yi wa mutane ciwo, musamman tsofaffin da suka shekara suna tara kuɗi, amma idan ka duba shekarun alhazai da cunkoson ɗawafi da tantunan Mina da ƙasashen da za su koma, ban ga wata mafita ba. A Indiya an bar bikin Kumbh Mela na mabiya addinin Hindu ya gudana a Haridwar a Afrilun 2021, miliyoyi suka yi wanka a kogin Ganga daidai lokacin da Delta ke tashi, dubbai suka kamu a wurin, wasu suka tafi da ita jihohinsu.

Abin da hukuma mai hankali ke dubawa ke nan: yadda cutar ke yaɗuwa da yawanta a garin da kuma inda baƙi za su fito, ko taron a fili ne ko a ɗaki, na awa biyu ne ko na kwana da kwanaki, su wa za su zo, matasa ko dattawa, kuma nawa ne ke da rigakafi. Sannan abin da aka fi mantawa, ko asibitocin garin suna da sauran gado. Taron da za a iya yi ba matsala a garin da asibitinsa ke da sarari, shi ne zai zama bala'i inda ma'aikata suka riga suka gaji.

Idan kai ne za ka je babban taro ana maganar wata cuta, fara da katin rigakafinka. Ƙyanda ce na fi jin tsoro a irin waɗannan wurare: mutum ɗaya yana iya harbin 12 zuwa 18 cikin marasa rigakafi, kuma ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Takunkumi ya fi amfani a mota da jirgi da layi fiye da kan kujerar fili. Ƙwayar noro ba ta cika jin man goge hannu ba, sai sabulu da ruwa. In kana zazzaɓi ko tari ko ƙuraje, haƙura da tikitin. Bayan ka dawo, ka ɗan ja baya da tsofaffi da masu juna biyu da jarirai na kamar mako guda, in ƙyanda ce ake fargaba kuma ba ka da rigakafi har mako uku, kuma duk alamar da ta fito ka gaya wa likita inda ka je da ranar da ka dawo.